Malamina ya ce taura biyu ba ta taunuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29, ni ne babba a gidanmu. Bara na kammala digiri na biyu a falsafa, kundina kuma a kan yadda masana falsafar Turai Locke da Berkeley suka bayyana gani ne. Ina tsakiyar rubutun na ci karo da wani bincike da aka yi a Indiya a kan yaran da aka haifa da yanar ido, aka yi musu aiki suka fara gani. Sai na ga ashe tambayar da nake ta bi a tsofaffin littattafai ita ce likitoci da masana ƙwaƙwalwa suke gwadawa yau. Tun daga ranar nake son in yi digiri na uku da zai haɗa falsafar Turai ta ƙarni na 17 da na 18 da kimiyyar tunani ta zamani.

Malamin da ya duba kundina ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in tsaya a tarihin falsafa ko in bar ta gaba ɗaya. Na je sashen nazarin halayyar ɗan Adam, wani malami a can ya ce su awo suke yi, ba su da lokacin matattu. Yanzu an ba ni aikin koyar da kwas ɗin falsafa da manɗiƙi na 'yan aji ɗaya a wata jami'ar jiha. Baba ya yi ritaya, yana so in karɓa in yi aure. Kawuna kuma kullum cewa yake wannan karatun zai taɓa mini imani. Larabcina yana da kyau, don na yi allo na yi zaure, amma rabona da lissafi tun sakandare. Malam, hanya ce wannan ko ruɗin kai?

Wani ɗalibi

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hanya ce, akwai waɗanda suka bi ta suka kai. Aikin da aka ba ka kuma ka karɓa. Na fara da waɗannan biyun ne don hankalinka ya kwanta, domin sauran maganar tana da tsawo, kuma ba dukanta ce mai daɗin ji ba.

Ka san labarin da ya ja ka, amma zan faɗe shi saboda masu karatu, kuma akwai abin da nake so kai ma ka sake dubawa a ciki. A 1688 wani masanin ilimin gani a Dublin ta ƙasar Ailan, William Molyneux, wanda matarsa ta makance ba da daɗewa da aurensu ba, ya rubuta wa John Locke wasiƙa. Bai samu amsa ba. Ya sake aiko da tambayar a 1693, sai Locke ya sa ta a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694. Tambayar ita ce: mutum an haife shi makaho, ya saba bambance dunƙulen ƙarfe biyu da hannu, ɗaya mulmulalle, ɗaya mai fuska shida da kusurwoyi. Rana ɗaya idonsa ya buɗe, aka ajiye masa su a kan tebur. Kafin ya taɓa, zai iya cewa wannan ne mulmulallen, wancan ne mai kusurwa? Molyneux da Locke suka ce ba zai iya ba. Berkeley a 1709 ya ƙara matsa maganar, ya ce abin da ido ke kawowa da abin da hannu ke kawowa ba jinsi ɗaya ba ne sam, sabo ne kawai ke ɗaura su. Leibniz a Jamus ya ce zai iya.

A 1728 wani likitan fiɗa a Landan, William Cheselden, ya ba da rahoton yaro ɗan shekara 13 ko 14 da ya cire wa yana. Yaron ya ce da farko ji yake kamar duk abin da yake gani yana taɓa idonsa, kuma ya daɗe yana rikita kyanwa da kare, sai da ya kama kyanwar ya shafa ta sannan ya riƙe kamanninta. Shi ke nan aka yi ta jayayya a kan wannan rahoto kusan shekara ɗari uku, har zuwa binciken da ka karanta, wanda Richard Held da Pawan Sinha da abokan aikinsu suka wallafa a 2011 ƙarƙashin shirin Prakash da ke yi wa yaran Indiya aikin ido. Yara biyar ne, daga shekara 8 zuwa 17, an gwada su cikin awa 48 da yin aikin. In sun taɓa abu aka ce su nemo irinsa da hannu, kusan ba sa kuskure. In sun ga abu aka ce su nemo irinsa da ido, nan ma suna dacewa fiye da kashi 90 cikin 100. Amma in sun taɓa aka ce su nuna shi da ido, sai suka tsaya a wajen kashi 58, alhali mai canki-canka ma zai samu 50. Da aka sake gwada wasu daga cikinsu, har da wanda kwana biyar kacal ya yi, sai aka ga sun iya sosai.

Jaridu suka ce an warware tambayar Molyneux, Locke ya yi gaskiya. To a nan ne aikinka yake. Koma ka buɗe Locke, littafi na biyu, babi na tara, sakin layi na takwas. Bai kawo tambayar don kawai ya yi magana a kan haɗa ido da hannu ba. Ya kawo ta ne yana bayanin cewa abin da ido ke samu daga ƙwallo shi ne da'ira shimfiɗaɗɗiya mai inuwa-inuwa, hukuncin da sabo ya koya mana ne ke mayar da ita mulmulalla, cikin saurin da ba ma lura. Wato damuwarsa ta haɗa da tudu da zurfi. Leibniz kuwa sharaɗi ya gindaya: a gaya wa mutumin tukuna cewa abubuwa biyun da ke gabansa su ne waɗanda ya sani da hannu, kuma ya ce ba maganar lokacin da haske da baƙunta suka ruɗa shi yake yi ba. In ya natsu, zai yi tunani ya ce ɗayan ba shi da wani wuri da ya fita daban, ɗayan kuwa yana da tsini takwas. Yanzu ka tambayi kanka: yaron da aka yi wa fiɗa shekaranjiya ya fita daga ruɗewar da Leibniz ya keɓe? Tubalan wasan yara masu sarƙaƙiya da aka ba su daidai suke da ƙwallo da mai fuska shida? Daidaita hoto da hoto yana tabbatar da cewa yaron ya ga siffar da tudunta? Masana falsafa sun tayar da irin waɗannan tambayoyi bayan fitowar binciken, kuma tambayoyi ne da ke canja yadda za a tsara gwaji na gaba. Ta ɗaya ɓangaren, saurin da yaran suka koya cikin kwanaki ya zama ƙalubale ga duk mai ɗauka cewa sabon da Locke da Berkeley ke nufi sai ya ci shekaru. Mai karanta Locke kaɗai ba zai san da wannan ba. Mai ɗakin gwaji kaɗai kuma ba zai san Leibniz ya sa sharaɗi ba. Don haka malamin da ya ce maka ba shi da lokacin matattu, tambayar matattun yake aunawa bai sani ba.

In kana son ganin wanda ya yi rayuwarsa ta ilimi a kan wannan gaɓa, nemi ayyukan Gary Hatfield na Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Farfesan falsafa ne, an san shi a nazarin Descartes da Kant, amma tun yana ɗalibi a Wisconsin ya yi gwaje-gwaje tare da masanin halayyar ɗan Adam William Epstein kan yadda ido ke gane siffar abin da aka karkata. A 1979 su biyun suka wallafa maƙala da ta bi diddigin ra'ayoyin gani daga Ibnul Haisam, masanin gani na ƙarni na 11, har zuwa Descartes da Berkeley. Akwai kuma Daniel Gilbert, wanda daga ɗaya gefen ya taho. Masanin halayya ne, ya ɗauko saɓanin Descartes da Spinoza: Descartes na ganin mutum yana fahimtar magana tukuna sannan ya zaɓi ya gaskata ko ya ƙaryata, Spinoza kuwa na ganin fahimta da gaskatawa tare suke shigowa, ƙaryatawa ce ke buƙatar ƙarin ƙoƙari. A farkon shekarun 1990 Gilbert ya gwada, ya ga in aka katse wa mutum tunani yana cikin karanta maganar da aka ce masa ƙarya ce, daga baya yakan tuna ta a matsayin gaskiya. Har yau ana muhawara a kan fassarar sakamakon, amma duk mai ganin yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp ya san tambayar ba ta tsufa ba.

Yanzu ga inda malaminka ya yi gaskiya, kuma ina so ka saurare shi da kyau.

Wannan hanya tana da rami, manyan mutane ma sun faɗa. Noam Chomsky a 1966 ya jingina ra'ayinsa na harshe ga Descartes da mabiyansa, masana tarihi suka yi masa ca, suka ce ya tsinci abin da ya dace da shi ne ya bar sauran. Antonio Damasio, likitan ƙwaƙwalwa, a 1994 ya yi suna da littafin da ya ɗora wa Descartes laifin raba tunani da jiki da motsin rai. Masu karatun Descartes suka tuna masa cewa mutumin nan ya yi shekaru yana feɗe dabbobi, a 1637 ya bayyana yadda za a kankare bayan idon bijimi a ga hoton duniya kife a jikinsa, kuma littafinsa na ƙarshe a 1649 gaba ɗaya a kan motsin rai ne da yadda jiki ke haifar da shi. Wannan littafin ma ya samo asali ne daga wasiƙun Gimbiya Elisabeth ta Bohemia, wadda tun 1643 ta tsare shi da tambayar yadda ruhin da ba shi da jiki zai motsa jiki. Chomsky da Damasio suna da wani fagen da suka tsaya a kai da ƙafafunsu, don haka sukar ba ta kayar da su ba. Kai ba ka da shi tukuna. In masu tarihi suka ce ba ka karanta da kyau ba, masu gwaji suka ce ba ka san awo ba, babu mai ɗaukar ka.

Ka kuma sani cewa jami'a sashe-sashe take ɗaukar ma'aikata. Kimiyyar tunani, tun da ta kafu a tsakiyar shekarun 1950 ta kuma samu ƙungiyarta a 1979, taron fannoni shida ce: falsafa, nazarin halayya, kimiyyar harshe, kimiyyar kwamfuta, kimiyyar ƙwaƙwalwa, da nazarin al'ummomi. Amma mafi yawan masu yin ta albashinsu daga ɗaya daga cikin sassan nan yake fitowa. Ranar intabiyu za a tambaye ka wane kwas za ka koyar, ranar ƙarin girma kuma masanan fanni ɗaya za a aika wa takardunka. Saboda haka shawarata ita ce ka zauna a falsafa. Nan ka yi digiri biyu, nan aka ba ka aiki, nan kake da malamin da zai rubuta maka shaida. Ka zama masanin falsafar ƙarni na 17 da na 18 wanda ba wanda zai raina karatunsa, sannan ka koyi kimiyyar har ka kai matsayin da za ka karanta rahoton gwaji ka gane inda yake da rauni. Kuma kada ka gabatar da kanka a matsayin mai haɗa fannoni biyu, wannan maganar tana tsorata kwamitoci. Ka ce tambaya ɗaya kake bi: me ido ke bayarwa da kansa, me kuma sabo ke ƙarawa? In ka faɗe ta haka, malaminka zai ga taura ɗaya ce.

Abin da wannan zai ci maka ba kaɗan ba ne. Ta gefen tarihi, sa'arka Locke da Berkeley da Hume da Turanci suka rubuta. Amma amsar Leibniz da Faransanci take, haka rubutun Descartes kan gani, haka wasiƙar Diderot ta 1749 a kan makafi wadda ta ja masa zaman kurkuku. Dole ka iya karanta Faransanci, ko ba ka iya magana da shi ba. Latinanci zai biyo baya. Wanda ya sha nahawu da sarfu a zaure ba zai ji tsoron waɗannan ba.

Lissafin ne nake so ka daina gudu. Ba a ce ka zama injiniya ba, ƙididdiga ake nufi: yadda ake zaɓar waɗanda za a gwada, me ya sa yara biyar suka isa a ce wani abu amma ba su isa a ce komai ba, yaya ake gane sakamakon da sa'a ce ta kawo shi. Dalilin da ya sa na matsa shi ne, a 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun nazarin halayya, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Masanin falsafar da bai san ƙididdiga ba yakan ɗauki duk abin da aka ce "bincike ya nuna" ya gina babi a kai, bayan shekara biyar ginin ya rushe. Manhajar ƙididdiga mai suna R kyauta ce, darussanta sun cika intanet. Awa ɗaya kullum bayan asuba, shekara guda, za ka ga bambanci. Sannan ka koma sashen da aka sallame ka, ko irinsa a jami'ar da za ka, amma wannan karon kada ka je da Berkeley a hammata. Ka roƙi izinin zama a ajin dabarun bincike da na ƙididdiga, ka ce za ka taya tattara bayanai da shigar da su kwamfuta. Malamin da ba ya son muhawara ba zai ƙi mai taya shi aiki ba.

Akwai abu ɗaya da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, alhali shi ne mafi tsada a hannunka: Larabci. Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11. A ciki ya yi bayanin cewa ido haske da launi yake karɓa, amma gane nisa da girma da siffa yana faruwa ne ta wani ƙiyasi mai sauri wanda mai gani ba ya jin yana yin sa, ya kuma ware kashi guda na littafin ga kurakuran gani. An fassara shi zuwa Latinanci wajen shekara ta 1200, aka buga shi a Basel a 1572. A kan wannan gado Kepler ya tsaya a 1604 ya nuna cewa hoto a bayan ƙwayar ido yake sauka, daga nan zuwa Descartes, har zuwa Helmholtz a ƙarni na 19 da maganarsa ta hukuncin da ƙwaƙwalwa ke yankewa ba da sanin mai ita ba, wadda masu binciken gani ke aiki da ita har gobe. Abdulhamid Sabra ya tace matanin Larabcin kashi uku na farko, aka buga a Kuwait a 1983. Yawancin masu nazarin Locke ta fassara suke leƙa wannan littafi, in ma sun leƙa. Kai za ka zauna da shi kai tsaye. Haka littafin Hayyu bin Yaƙzan na Ibnu Ɗufail, wanda aka fitar da Latinanci a Oxford a 1671 lokacin Locke yana da alaƙa da jami'ar, kuma a gabatarwarsa akwai misalin makahon da ya san garinsu lungu-lungu sannan idonsa ya buɗe. Sai dai ka kiyaye. Akwai jarabar da ke kama 'yan'uwanmu a nan, ta cewa komai Turawa sato shi suka yi. Kama da juna ba hujja ba ce. In za ka ce wane ya ɗauka daga wane, sai ka nuna wasiƙa, ko jerin littattafan ɗakinsa, ko inda ya ambata. In ba ka samu ba, ka kwatanta ra'ayoyin biyu kawai, wannan ma aiki ne mai daraja.

Ka kuma nemi Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim a Ghana ta yau, wanda aka kai Jamus yana yaro. A 1734 ya kare kundinsa a Wittenberg, inda ya soki Descartes ya ce ji da gani na rayayyen jiki ne, ba na hankali ba, daga baya ya koyar a Halle da Jena. Yana tsakiyar zamanin da kake nazari da kuma tambayar da kake bi.

Nan gaba, in ka ƙware, inda kake zaune ma zai yi maka rana. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun nazarin halayya daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya suke. Tambayar Locke ta me sabo ke ƙarawa ba za ta amsu da ɗaliban jami'o'in Amurka kaɗai ba. Mahaddacin da ya riƙe izu sittin, ko yaron da ya fara karatu daga dama zuwa hagu a allo kafin ya koma boko, mutane ne da kimiyyar ba ta saurara ba sosai. Gargaɗi ɗaya: kada zumuɗi ya kai ka asibitin ido ka ce za ka gwada marasa lafiya. Wannan aikin likitoci ne da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye, kuma shirin Indiya ma magani ya sa a gaba, binciken ya biyo baya.

Mu dawo kan aikin. Na ce ka karɓa, ba don in faranta wa Baba rai kawai ba. Albashi, ko yaya yake, zai cire ka daga roƙo, kuma mai neman gurbin karatu yana koyarwa a jami'a ya fi mai zaman gida kwarjini. Tallafin TETFund na ƙaro karatu ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ake ba wa, sai dai ƙa'idojinsa suna sauyawa kuma akwai sharaɗin dawowa ka yi aiki, don haka ka karanta abin da ke aiki a lokacin kafin ka sa hannu. Haɗarin aikin shi ne ya haɗiye ka. Ajin 'yan aji ɗaya ɗaruruwa ne, makin jarrabawa kaɗai zai ci maka makonni, ga kwamitoci da ake jibga wa sabon malami. Mutane da yawa sun shiga da niyyar shekara biyu, suka farka bayan goma. Ka keɓe lokacin karatunka tun makon farko, kafin a saba da cewa kai ne mai cewa to.

Wuraren da za ka duba: Jami'ar Washington da ke St. Louis tana da shirin digiri na uku da ya haɗa falsafa da kimiyyar ƙwaƙwalwa da nazarin halayya. Pittsburgh tana da sashen tarihi da falsafar kimiyya. Akwai Edinburgh a Birtaniya, akwai Berlin da Osnabrück a Jamus. Amma kada ka zaɓi wuri don sunansa. Ka duba ko akwai mai nazarin ƙarni na 17 da na 18 da gaske a sashen, kuma ko ana barin ɗalibin falsafa ya ɗauki kwasa-kwasai a ɗakin gwaji. Kyawawan shirye-shiryen Amurka suna yafe kuɗin makaranta su kuma biya ɗalibi alawus na kimanin shekara biyar, ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, ana neman shaidar malamai uku da samfurin rubutu. A Jamus akwai tallafin DAAD, a Birtaniya akwai na Commonwealth. Biza ba ta da tabbas, don haka ka raba takardunka tsakanin ƙasashe. Digirin falsafa na uku da za a ce ka biya da aljihunka ko a sayar da gonar gida, kada ka yi shi ko a ina ne. Ka kuma shiga da sanin cewa a can ma guraben koyar da falsafa kaɗan ne, masu digirin da yawa suna yawo daga kwantiragin shekara zuwa wani. Mai kujera a gida ya fi su kwanciyar hankali. Abin da zai dame ka a gida shi ne kaɗaici, rashin wanda za ka yi wannan hirar da shi a sashe, kuma maganinsa rubutu ne da aika wa mutane aikinka.

Baba kuma kada ka je masa da sunayen Turawa. Abin da yake son ji shi ne ɗansa ya kama ƙasa, kuma ƙannenka ba za su tagayyara ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce ka karɓi aikin, ga abin da za ka riƙa kawowa gida duk wata. Sannan ka nemi albarkarsa a kan cewa za ka nemi gurbin karatu zagaye biyu, wato shekara biyu, kuma sai wanda za a biya maka. In bai samu ba, za ka yi digirin a gida, da mai dubawa daga falsafa da mataimaki daga sashen halayya ko na likitanci. Uba yana iya haƙuri da abin da aka sa wa iyaka. Aure kuwa ba ya hana wannan karatu. Abin da ke ɓata shi ɓoyewa ne. Wadda za ka nema ka gaya mata, da waliyyanta, tun kafin a kai kuɗi, cewa akwai yiwuwar tafiya ta shekaru, kuma alawus ɗin ɗalibi da ƙyar yake riƙe mutum biyu.

Damuwar kawunka ba abin dariya ba ce, ƙauna ce ta kawo ta, kuma gaskiya ne cewa a cikin waɗanda za ka karanta akwai irin Hume mai shakka a kan mu'ujiza, kamar yadda akwai Berkeley da ya zama bishop a 1734. Ka tuna masa da Imam Gazali. Shi da kansa ya faɗa a cikin littafinsa Munƙiz cewa ya karanci falsafa a lokutan da ya samu sarari, cikin ƙasa da shekara biyu, alhali yana koyar da ɗalibai 300 a Bagadaza, domin a ganinsa yin raddi ga abin da ba ka fahimta ba harbi ne cikin duhu. Ya kuma gargaɗi masu ƙaryata lissafi da manɗiƙi da sunan kare addini. Kada ka bar zauren da kake ɗaukar karatu, kuma in wata shubuha ta tsaya maka a rai, ka kai ta wurin malamin da ka yarda da iliminsa tun tana ƙarama.

Abin da za ka fara daga wannan makon: rubutu mai shafi 20, ba ƙari. Ka ɗauki sakin layin nan na Locke, da amsar Leibniz, da rahoton 2011, ka nuna dalla-dalla wace tambaya gwajin ya amsa, wacce ya bari, da yadda za a gyara shi ya gwada sharaɗin Leibniz. In ka ga Ibnul Haisam yana da abin cewa a wurin, ka ba shi shafi uku, da fassararka ta kanka. Wannan shi ne samfurin rubutun da za ka aika, kuma kwamitoci sun fi duba shi a kan komai. In ka gama, ka kai wa malaminka da hannunka, ka roƙe shi ya yi masa jan biro ba sassauci, domin wasiƙarsa ce ta farko a cikin ukun da za a nema. Ka ba shi kafin watan Satumba, don gyara ya samu wuri kafin Disamba.